Tumatir Ba Ƙasa: Abin da Manomin Ikara, Makarfi da Kudan Zai Fara Aunawa

Duk wanda ya ratsa Hunkuyi ko Tashar Yari ko garin Ikara a watan Fabrairu ya san yadda tumatir ke wulaƙanta idan kakarsa ta yi. Kwanduna jere a bakin titi, dillali na tayawa son ransa, wanda bai samu mai saye ba ya yanyanka ya shanya ya koma kauɗa. Kafin wata huɗu labari ya sha bamban. Ruwa ya sauka, lambunan rani sun tashi, na damina cuta ta hana shi sakat, uwargida ta koma tumatirin leda da na gwangwani. A tsakiyar 2024 babban kwando ya haura naira 100,000 a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa tun 1981, ya sha tsayawa, kuma cikin abin da ke tsayar da irin waɗannan kamfanoni har da wannan: kaya ya yi ambaliya na wata uku, sauran shekara inji ya zauna.

Shi ya sa idan matashi a Makarfi ko Likoro ya ga bidiyo a Facebook ko TikTok, latas kore shar a cikin farin bututu, tumatir na reto a rumfar leda ba ƙasa ba ciyawa ba fartanya, dole ransa ya biya. Lissafinsa ma daidai ne, domin mai tumatir a Yuni da Yuli shi ke faɗin farashi. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne mutumin da ke tsayawa bakin tanki kullum da safe da ɗan ma'auni a hannu. Noman nan aikin wannan mutumin ne. Bututu da rumfa kuwa duk mai kuɗi zai iya saye.

Abin ba sabo ba ne. Tun wajajen 1860 wasu masana biyu a Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa shuka na iya girma a cikin ruwan da aka narka wa wasu gishiri-gishiri, ba tare da ƙasa ba. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ne ya yi ƙoƙarin fitar da shi daga ɗakin gwaji zuwa gona, ya kuma yayata sunan haidirofonik a 1937. Shekara guda bayan haka Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka wallafa haɗin da har yau ake kafa hujja da shi. Yanzu manoman Holan na tsinkar kilo 50 zuwa sama a kowace murabba'in mita ta rumfar gilashi, alhali matsakaicin abin da ake samu a filayen Najeriya bai cika kai kilo ɗaya ba. A gida, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na amfani da dabarar wajen yawaita irin doya da rogo, Samson Ogbole kuma ya yi suna da ita a jihar Ogun.

To me ke kashe masu gwadawa? Ƙasa ba wurin tsayuwar shuka kawai ba ce. Laka da ruɓaɓɓen takin da ke cikinta suna riƙe abinci su riƙa saki kaɗan-kaɗan. Idan manomi ya zuba yuriya fiye da kima su shanye wani kaso, idan tsami ya taso su danne shi, ƙananan halittun da ido ba ya gani kuma su juya takin ya zama abin da saiwa za ta iya sha. Manomi na iya kuskure sau goma ƙasa ta rufa masa asiri. Ranar da ya cire ta, ayyukan nan duka sun dawo wuyansa, kuma ɓarnar da za ta ɗauki shekaru kafin ta bayyana a fadama, a tanki kwana biyu ya ishe ta.

Na farkon ayyukan shi ne daidaita tsami. Matan gida sun riga malaman kimiyya sanin wannan: idan yakuwa ta cika tsami a miya, sai a jefa 'yar kanwa ko a ɗiga ruwan toka, tsamin ya kwanta, launin ma ya sauya. Tsamiya na gefe guda, kanwa na ɗaya gefen, ruwa zalla na tsakiya. Abin da wani masani ɗan Denmak, Søren Sørensen, ya yi a 1909 shi ne ya sa wa abin lamba, wadda ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan lemon tsami na wajen 2, ruwan kanwa na wajen 10. Inda mutane ke ruɗewa shi ne tazarar da ke tsakanin lamba da lamba, domin ninki goma ce. Ruwan da ke kan 5 ya fi na 6 tsami sau goma, ya fi na 7 sau ɗari. Wanda ya ga ma'auninsa ya tashi daga 6 zuwa 7 ya ce ai ɗaya ce kawai, bai fahimci abin da ya gani ba.

Tumatir da tattasai da latas da kokwamba, idan a ruwa suke, suna son tsakanin 5.5 da 6.5. Dalilin yana ga abincin, ba ga ɗanɗanon ruwan ba. Da zarar lamba ta doshi 7, sinadarin ƙarfe ya fara dunƙulewa ya daina narkewa, manganis da tutiya su bi sahu, fosfarus kuma ya kama kalsiyam su kwanta a gindin tanki. Takin yana nan, an biya kuɗinsa, amma saiwa ba ta da hanyar shansa. Sai manomi ya ga sabbin ganye sun yi rawaya, ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara taki, ruwan ya ƙara gishiri, shukar ta ƙara wahala. Idan kuma lamba ta faɗi ƙasa da 5, kalsiyam da magnesiyam su yi wuyar shiga, manganis ya shiga fiye da kima ya zama guba, fatar saiwar kanta ta fara lalacewa.

Kuma lambar ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, shukar ce da kanta ke tura ta. Naitirojin na zuwa wa saiwa ta fuska biyu, naitiret da amoniyam. Duk lokacin da saiwa ta sha naitiret tana sakin abin da ke rage tsami, pH ya hau. Idan ta sha amoniyam tana sakin tsami, pH ya sauka. Tumatir mai tashen ganye yana zuƙar naitiret, saboda haka ruwansa yakan haura. Idan ya ɗauki 'ya'ya ya koma zuƙar fotasiyam, sai ruwan ya fara gangarowa. Masu haɗa taki na amfani da wannan, su bar amoniyam kusan kashi ɗaya cikin goma na naitirojin domin ya riƙe linzami. Ya wuce haka, musamman a zafi, matsala ce.

Nan ne amsar tambayar da kowa ke fara yi: me zai hana in narka kamfa da yuriya, tunda su ne a kasuwar Makarfi? Yuriya sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun juya ta zuwa amoniyam sannan naitiret. A tanki ba su da yawa, saboda haka ko dai ta zauna ba amfani, ko ta juye amoniyam gaba ɗaya ta ƙona saiwa. Kamfa kuwa, ko 15-15-15 ne ko 20-10-10, abinci uku ya ƙunsa, shuka kuma na buƙatar goma sha huɗu daga ruwa. Babu kalsiyam na kirki a ciki, babu magnesiyam, babu ƙarfe. Yawancin naitirojinsa amoniyam ne ko yuriya, kuma yana da tsakin da ba ya narkewa, wanda ke toshe ramukan ɗigo. An yi shi ne don ƙasa, ƙasa ke cike masa giɓi.

Sai batun ruwa, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet daga wuraren da ruwansu ya ratso farar ƙasa suka fito, ruwa mai nauyi da kalsiyam da bikabonet, wanda kullum yake tura pH sama. Shi ya sa maganarsu ba ta wuce a zuba asid. Irin wannan ruwa akwai shi a Arewa, misali wajajen Kalambaina a Sakkwato, inda kamfanin siminti ke haƙar dutsen. Ƙasar Zazzau daban take. Ikara da Makarfi da Kudan zaune suke a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo a Kufena, wanda ba ya saurin narkewa. Ruwan rijiya da na burtsatse a irin wannan wuri galibi marar nauyi ne, gishirinsa kaɗan, wani lokaci ma da ɗan tsami-tsaminsa. Wannan alheri ne, don manomi ya samu ruwan da zai zuba wa abin da yake so. Amma yana da sharaɗi biyu. Kalsiyam da magnesiyam duka sai an saya an zuba, ruwan ba zai taimaka da komai ba. Sannan ruwa marar bikabonet ba shi da abin da zai tare tsami: cokalin asid da zai ɗan motsa ruwan Sakkwato na iya kai na Kudan ƙasa da 4. Ruwa biyu na iya nuna lamba ɗaya a ma'auni, amma ɗaya ya ci asid ninki biyar na ɗayan kafin ya motsa. Wanda ya kwafi awon wani daga bidiyo ya zuba a tankinsa, caca ya yi.

Na ce galibi, domin rijiya da rijiya ba ɗaya ba ne. Ta cikin gari kusa da masai na iya ɗauke da naitiret da gishiri. Wata burtsatsen na da ƙarfen da ke jan tsatsa a bututu. Rijiyar da aka ɗaure da sabon siminti, ko tankin bulo da ba a shafe cikinsa ba, na tura pH sama na tsawon watanni. Ruwan da aka auna a Agusta ba shi ne na Afrilu ba, lokacin da rijiya ta ja baya. Ruwan sama ya fi kowanne tsabta, sai dai idan ta kwanon rufi ya biyo yana iya kwaso tutiya, kuma saboda wannan dalili ba a ajiye ruwan taki mai tsami a durom ko bokitin kwano, sai na roba. Kafin mutum ya sayi bututu ko ɗaya, ya cika gora biyu ya kai ɗakin gwaji a Samaru a faɗa masa pH da bikabonet da kalsiyam da magnesiyam da sodiyam. Kuɗin gwajin bai kai na ledar rumfa ba.

Idan lamba ta kauce, da me ake dawo da ita? Masu sana'ar na saukar da ita da asid na fosfarus ko na naitiret, domin bayan gyaran suna zama abinci. Lemon tsami da ruwan kal suna saukar da ita yau, gobe ƙwayoyin cuta su cinye su lamba ta koma inda take, a bar manomi da yauƙi a saiwa. Wasu na ɗauko ruwan batir. Sabo fil wanda bai taɓa shiga batir ba asid ne na salfa kuma yana aiki, amma wanda aka juye daga tsohon batir cike yake da dalma, kuma abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi. Kowane asid ne, shi ake ɗigawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikinsa, a kuma tsarma shi sosai, a zuba kaɗan, a motsa, a jira, a sake aunawa. Wajen ɗaga lamba, hannu zai fara kaiwa ga kanwa, kuma kuskure ne. Kanwa gishirin sodiyam ce, shuka ba ta cin sodiyam sai ɗan kaɗan, saboda haka yana taruwa a tanki har ya hana fotasiyam da kalsiyam shiga. Tataccen ruwan toka ya fi ta, don fotasiyam ne a cikinsa, sai dai ƙarfinsa ba ya da tabbas, tokar karan dawa daban ta itace daban. Fotasiyam bikabonet na kanti shi ne mai tabbas, kuma a ruwa marar nauyi irin namu yana ƙara wa tanki juriya.

Shi kansa haɗin abincin lissafi ne da ɗan sakandare zai iya. A ɗauki tanki mai lita 1,000 don tumatirin da ya fara 'ya'ya. Kilo ɗaya na kalsiyam naitiret zai ba kowace lita kusan miligiram 190 na kalsiyam da 155 na naitirojin. Rabin kilo na magnesiyam salfet zai ba da kusan 50 na magnesiyam. Giram 200 na takin da ake rubuta wa 0-52-34 zai ba da kusan 45 na fosfarus, sai wajen giram 600 na fotasiyam salfet ya kai fotasiyam kusan 300. Ƙarfe kuwa miligiram 2 zuwa 3 kacal ake so a lita, boron da manganis da tutiya da tagulla da molibdinam ƙasa da haka. Ƙanƙantarsu ce ke sa a raina su. Amma dokar da Justus von Liebig ya yaɗa tun 1840 ba ta canja ba: amfanin gona na tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci, ko da sauran sun yi yawa.

Akwai ƙa'idar da ba a karyawa. Idan za a narka takin da kauri a ajiye, jarka biyu ake yi. Kalsiyam naitiret da ƙarfe a ɗaya, duk mai salfet ko fosfet a ɗayar. Suka haɗu da kaurinsu, nan take farin gari zai kwanta a gindi, kuɗin kalsiyam da na fosfarus sun tafi. Sai a cikin babban tanki, bayan ruwa ya tsarma na farko, ake zuba na biyu. Ƙarfen ma iri-iri ne, a duba jikin leda. Mai EDTA yana aiki ne zuwa wajen 6.5, mai DTPA ya ɗan wuce 7, mai EDDHA, wanda ke mai da ruwa ja, yana jurewa har 9, kuma ya fi su tsada. Mai ruwa marar nauyi ba ya buƙatar na tsadar.

Abincin kuma na kishi da juna a bakin saiwa. Fotasiyam da kalsiyam da magnesiyam da amoniyam ƙofa ɗaya suke bi, wanda ya yi yawa ya danne sauran. 'Yan lambu sun san tumatirin da gindinsa ke yin baƙi ya lotsa tun yana ɗanye, da yawa kuma na ɗauka cuta ce su yi ta feshi. Rashin kalsiyam ne a cikin ɗan, kuma sau da yawa kalsiyam ɗin na nan a ruwa, isa ne bai yi ba. Shi a cikin ruwan da shuka ke zuƙa yake tafiya, ganye kuma ya fi 'ya'ya jan ruwa. Rana ta yi zafi, ko ban-ruwa ya yi tsalle, ko gishiri ya yi yawa, ko an cika fotasiyam don 'ya'ya su yi nauyi, sai ganye ya kwashe, gindin ɗan ya rasa.

Ma'auni na biyu, wanda ake kira EC, yana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, wato yawan gishirin da ya narke a ciki. Latas na son 1.2 zuwa 1.8, tumatir 2 zuwa 3.5, ƙananan dashe wajen 1. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, babban tumatir guda na iya shan lita biyu ko fiye a yini, kuma ruwan yake ja fiye da takin. Tanki ya ragu, gishiri ya yi kauri, shuka na tsaye cikin ruwa tana yaushi. Maganin shi ne a cika da ruwa zalla, a kuma sassauta haɗin a bazara. Sai dai ma'aunin nan makaho ne ta wani gefen: jimla yake faɗa, ba ya bambanta fotasiyam da sodiyam. Yana iya nuna 2.5 alhali abincin kirki ya ƙare, tarkace ne ya rage. Shi ya sa ake juye tanki a sake sabo duk kwana 10 zuwa 14. Tsohon ruwan a kai wa masara ko bishiyar mangwaro, kada a zubar kusa da rijiya.

Zafin na da wata illar. Saiwa na numfashi, ruwa kuma iskar da yake riƙewa raguwa take idan ya ɗumama: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30, daidai lokacin da saiwar ta fi buƙata. Baƙin tankin roba da aka bari a rana yana wuce haka. Saiwa ta yi ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ruɓa ta shiga, ganye ya nuna alamun yunwa iri-iri alhali ma'aunai biyun na cewa lafiya lau. A binne tanki ko a yi masa rumfa, a kuma toshe duk inda haske ke shiga, don gansakuka na cin taki tana kuma wasa da pH tsakanin dare da rana. Tsarin farin bututun nan da ke burge mutane, wanda Allen Cooper ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1960, siririn ruwa ne ke gudana a ƙarƙashin saiwa ba tsayawa. Famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i da tsakar rana, gona ta tafi. Wanda ya san halin wutar lantarki a Paki ko Gimi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tsarin Bernard Kratky na Jami'ar Hawai, inda ruwa ke zaune a mazubin roba ba famfo, ya fi dacewa da latas a bayan gida. Tumatir da tattasai kuwa buhu ko bokiti suka fi so, da abin riƙe saiwa a ciki, ruwa na ɗigowa daga tankin da aka ɗora a sama.

Abin riƙe saiwar ma yana da nasa hali. Garin ɓawon kwakwa shi aka fi sani, amma yakan zo da sodiyam da fotasiyam, kuma yana ƙwace kalsiyam daga ruwan farko, don haka sai an wanke shi an jiƙa shi a ruwan kalsiyam naitiret. Buntun shinkafa yana nan birjik a wurin masu casa. Wanda aka babbake sama-sama ya yi baƙi yana da kyau, amma yana jan pH sama sai an ɗauraye, kuma in an bari ya zama farar toka ya lalace. Gauraya shi da wankakken yashin rafi na ba da abin da ke riƙe ruwa yana kuma shan iska. Tuƙar rake, wadda Makarfi ba ta rasa ba, ɗanyarta ba ta yi: sauran zaƙin da ke jikinta na jawo tsami da zafi, masu ruɓar da ita kuma su cinye naitirojin. Sai ta ruɓe sarai. Garin katako ma haka. Mai noman buhu ya riƙa barin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ruwan ya fita ta ƙasa, ya tara ya auna, domin wannan ne ke faɗa masa halin da saiwa ke ciki, ba na tanki ba.

Ganye ma na magana, ga wanda ya san inda zai duba. Naitirojin da fotasiyam da magnesiyam shuka na iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka rashinsu daga ƙasa yake farawa. Ƙarfe da kalsiyam ba sa tashi daga inda suka zauna, rashinsu a toho yake bayyana. Rawaya a sama, jijiyoyin ganye kore: a duba pH kafin a taɓa buhun taki. Amma kafin ganye ya nuna, an riga an yi asarar kwanaki. Littafi da biro sun fi shi sauri: pH da EC da zafin ruwa kullum a lokaci guda, da abin da aka zuba. Ma'aunin pH mai araha kuma yana ƙarya idan aka bar bakinsa ya bushe, sai ana gwada shi a ruwan gwaji mai lamba 4 da mai lamba 7 duk mako ko biyu. Takardar gwaji mai sauya launi ba ta kai shi daidaito ba, amma ba ta lalacewa haka, a ajiye ta a matsayin shaida ta biyu.

Wani cikas da ba a faɗa a wajen bita: takin naitiret ba ya samuwa a kowane shago, shigo da shi na ƙarƙashin sa-idon hukumomin tsaro saboda ana iya haɗa abin fashewa da wasu nau'o'insa, farashinsa kuma dala yake bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai tara takin kaka guda cif ba kada ya dasa, don tumatirin buhu ba ya jiran mota ta dawo daga Kano.

Kada kuma a ɗora wa dabarar abin da ba ta yi alkawari ba. Sharon, tsutsar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a watan Mayun 2016, da fiffike uwarta ke zuwa, ba ruwanta da ko akwai ƙasa ko babu. Raga ce ke tare ta, in kuwa ta samu ɓaraka ta shiga rumfa ta fi jin daɗi a ciki. Abin da barin ƙasa ke magancewa shi ne cutar yaushi da tsutsar da ke ƙulla saiwa, waɗanda ke kassara tumatirin damina. Ita ma cutar yaushin, in aka ɗebo ta a ruwan rafi aka zuba a tankin da ke zagayawa, rana ɗaya ta gama gida-gida.

Hukuncina shi ne, ga yawancin manoman yankin nan, noman tumatir a ruwa don sayarwa a rani hauka ne, ba zai taɓa gogayya da na fadama a farashi ba. Wuri biyu yake da ma'ana. Na ɗaya tumatir da tattasai da kokwamba a buhu ƙarƙashin leda da raga, a saita tsinka ta faɗo tsakanin Mayu da Satumba. Na biyu, wanda na fi ba ƙarfi, raino. Irin zamani ya yi tsadar da ba a watsa shi a bedi a bar wa kaji da ruwan sama. Raino a tire, cikin garin kwakwa ko buntu, mako uku zuwa huɗu ne, ruwan takin da yake ci kaɗan ne, kuskure a cikinsa ba ya karya mutum, kuma masu saye na nan a ƙofar gida, duk ɗan lambu abokin ciniki ne. Kamfanin Dangote ya gina katafariyar rumfar raino a Kadawa saboda wannan buƙata, shirin HortiNigeria da ƙasar Holan ta ɗauki nauyi daga 2021 kuma ya koyar da rainon tire a jihohin Kaduna da Kano. Matashin da ya yi kaka biyu yana raino da ma'auni a hannu ya cancanci ya gwada buhu ɗari.

Ilimin ma ba a tanki ya tsaya ba. A Samaru, inda aka fara binciken noma tun 1922, an buɗe wani gwaji a 1950 da aka shafe shekaru da dama ana bibiya, ana kwatanta filayen da aka ba takin zamani zalla da waɗanda aka haɗa wa kashin shanu. Filayen da suka sha amoniyam salfet shekara da shekaru ba takin gargajiya sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya. Masu kashin shanu sun jure. Ƙasarmu dama ba ta da yalwar ruɓaɓɓen taki, lakarta kuma ba ta riƙe abinci sosai, yuriya ma na tsamantar da ita, a hankali dai. Da pH ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam ya narke ya daƙile saiwa, fosfarus ya kulle. Manomin da ke kukan cewa buhu biyu sun daina yin aikin da ɗaya ke yi a da, mai yiwuwa ba takin ne jabu ba. Ma'aunin da aka saya don tanki, a dama ƙasa da ruwa mai tsabta a tsoma shi, zai ba da haske.

Abin da ya rage aikin hukuma ne, kuma ba mai tsada ba. Cibiyar binciken noma ta IAR da ta faɗakar da manoma ta NAERLS duk suna Samaru, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga ko'ina a ƙananan hukumomin uku, hukumar bunƙasa noma ta jiha kuma na da ofishin shiyya a Maigana. Su ɗebi ruwan rijiyoyi da burtsatse gunduma-gunduma, a rani da damina, su fitar da takarda guda da Hausa mai ɗauke da awon taki na lita 1,000 da ya dace da wannan ruwa, ɗaya na raino ɗaya na tumatir mai 'ya'ya, su raba wa malaman gona da masu shagon taki. Kafin takardar ta fito, duk wanda wani ya zo sayar masa da bututu da rumfa, ya fara tambayarsa sakamakon gwajin ruwan rijiyar da za a yi aiki da ita. In babu, ya riƙe kuɗinsa.